Ginshiƙin da Baba Ya Bari a Tsakar Gida

Baba ya rasu ranar Laraba bayan la'asar, a ɗan ƙaramin ɗakin da ke jikin zaure. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, shi dai ya riga mu. Mahaifin mijina ne. Ba zan kama sunansa ba. Ban taɓa kamawa ba yana da rai, ba kuwa yanzu zan fara ba.

Mutane sun zo. Tsofaffin abokan aikinsa na masaƙa sun zo daga Sharaɗa da Bompai, wasu da sanda, wani an goyo shi a babur. 'Yan majemar nan Challawa sun biyo da kayan aiki a jikinsu, suka yi addu'a a tsaye suka koma, don ba a ba su hutu ba. Maza suna ƙofar gida, mata suna ciki. Duk macen da ta shigo kuwa sai ta ci karo da ginshiƙin.

Ginshiƙi ne na kankare a tsakiyar gidan. Tsayinsa ya kai ƙirjina, kaurinsa kamar turmi. Ba ya ɗauke da rufi, ba a ɗaura masa igiyar shanya. Yana tsaye ne kawai, da farantin ƙarfe a kansa.

Wata baƙuwa ta ɗora kwanon abinci a kai.

"Wannan kuma turken me ne? Na raƙumi?"

"Na kallon wata ne," in ji maƙwabciyarmu.

"Allah sarki. Ashe da gaske ne abin da ake faɗa."

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana kan tabarma da carbinta. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Sauke kwanon nan, baiwar Allah. Ba teburi ba ne."

Ta bayan katanga ina jin maza. Wani ya ce in Baba ya kafa injin saƙa, kana iya tsayar da kwabo a kai yana aiki, ba zai faɗi ba. Wani ya ce mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, sai dai wannan abu na taurari da ya same shi da tsufa. Haka ya ce, ya same shi, kamar wani ciwo. Aka yi 'yar dariya, aka shafa fatiha.

Shi ya sa nake wannan rubutun. Ba na so abin da zai rage na Baba a unguwar nan ya zama dariya.

Ran sadakar uku na ga Yaya, wan mijina, tsaye a bakin zaure yana auna tsakar gida da ido. Na san abin da yake aunawa. Masu gina sito suna sayen gidajen layinmu, kuma gida dunƙule suke so, ba rabi ba. Na kuma san hukunci. Mijina ya riga mahaifinsa rasuwa, don haka 'ya'yana mata biyu ba su da gado a gidan kakansu. Yaya ne kaɗai ɗan da ya rage. In aka sayar, mu sai ɗaure kaya. Inda za a kai kayan ne babu.

Ni ba ni da gidan uba. Daga arewa aka kawo ni ina ƙarama, shekarar da gero bai yi ba, na tashi a gidajen mutane ina wanke-wanke. Aure ne ya fara ba ni ƙofar da zan rufe. Sai tirela ta buge maigidana a hanyar Panshekara yana dawowa daga aiki. Da na fita takaba, kowa ya zuba ido ya ga inda zan nufa.

Ni da Baba ba ma magana. Suruki ne. In ya shigo sai in shige ɗaki. In gaisuwa ce, in durƙusa daga nesa in kau da kai. In yana da saƙo, akwai wata jar akuya da ke ɗaure a gindin dalbejiya. Ita yake gaya wa.

Ran nan ya tsaya a gabanta ya ce, "Ke jar akuya, ki gaya wa mutanen ɗakin can na ji ana maganar tafiya. Ki tambaye su wa ya kore su."

Bai ƙara ba. Sai ya fara shigowa da ƙarafa daga wajen 'yan gwangwan, yau wannan, gobe wancan. Ya zauna a ƙasa yana wankewa da kananzir yana haɗawa. Da ya gama sai ga injin markaɗe. Ya ja igiya ya tayar, ya saurara, ya kashe. Ya ce wa akuya, "Ki gaya musu wannan ba ado ba ne."

Da shi na ciyar da yarana. Masu ƙosai da masu abincin ƙofar kamfani su ne masu kawo min aiki: wake, tattasai, gero, masara. Sun fi zuwa daga magariba zuwa isha'i, don masu aikin dare su samu abin ci. Wato da hannunsa Baba ya kawo abin da zai hana shi sakat.

Bututun ya riga ni zuwa gidan. Madubin hangen nesa ne, fari, bai kai taɓarya tsawo ba amma ya fi ta kauri sosai. Wani injiniya Ba'indiye ne ya bar masa lokacin da aka rufe masaƙar da suke aiki a Sharaɗa. Ƙafafun bututun sun karye tun a can, an zubar. Sauran ma'aikata suka fito da takardar sallama, Baba ya fito da bututu a kafaɗa. Ya taɓa tambayar wani mai shigo da kaya kuɗin ƙafafun na asali. Da aka gaya masa sai ya ce, "Ashe ƙafa ta fi kai tsada." Bai sake tambaya ba.

Ya ɗora shi a kan durom. Ya ɗora shi a kan turmi a kife. Ya sa mai walda ya yi masa ƙafa uku da bututun ruwa. Muddin da ido yake kallo, ana lallaɓawa. Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Abin da yake gani a da ya koma hazo. Sai ya sayar da babur ɗinsa ya sayi waya ta hannu mai kyamara mai kyau, ya ƙera mata mariƙi da ƙarfen keke, ya ɗaure ta a bakin bututun. Dabararsa ita ce ya ɗauki hoto, ya buɗa shi da yatsu, ya kawo shi dab da hanci ya gani.

A nan matsalar ta fito. Ido yana haƙuri da rawa, hoto ba ya yi. Ƙasar unguwarmu kuwa ba ta hutawa. Tireloli suna wucewa da fatu da buhuna, janaretocin kamfani suna gurnani ba dare ba rana, ga injina a gefe yana kaɗa har kwanukan da ke kan kanta. Duk hoton watan da ya ɗauka sai ya fito kamar an fasa ƙwai a kasko.

Shi kaɗai na sani a layinmu da in an ɗauke wuta yake cewa alhamdu lillahi. Ranar Sallah, da kamfanoni ke tsayawa hayaƙi ya kwanta, ya fi yara murna. Mutane suna ta fassara shi. Wata hajiya ta taɓa zuwa har zaure, wai ya duba mata ko tauraron auren 'yarta yana da haske.

Ya ce, "Hajiya, ni abin da nake gani a can duwatsu ne da ramuka. Ban hango surukinki ba."

In azumi ya matso kuma, samarin layi su tare shi. "Baba, an ga wata?"

"Ku saurari rediyo kamar kowa."

Sau ɗaya muka yi faɗa. Cikin azumi ne, an sha ruwa, mata sun yi layi da bokitai har zaure. Wata ya yi rabi, sama ta wanke. Baba ya kafa bututunsa, ya ɗauka, ya duba, ya goge. Ya sake ɗauka, ya sake gogewa. Sai ya nufi akuya.

"Ki gaya musu a ɗan kashe injin nan. Sama ta yi kyau yau."

Ban kashe ba. Ya maimaita. Na ƙara zuba wake. Na ukun ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Sai na juya na fuskanci akuyar ni ma.

"Ki gaya musu wata ba ya cin tuwo. Yara suna ci."

Baba ya kwance bututunsa, ya shige ɗaki. Washegari Gwaggo ta zo tun da hantsi, ko mayafi ba ta cire ba.

"A gidan uban wa kika ga ana mayar wa suruki magana?"

Na ce, "Ba ni da gidan uba, Gwaggo."

Ta kalle ni, ta ce in kawo mata tabarma.

Har yau ban ga ƙarya a abin da na faɗa ba. Amma na ɗaure kayana a zuci. Baba ya daina yi wa akuya magana har aka gama azumi. Ita kanta ta lura, in ya wuce sai ta bi shi da kallo.

Bayan Sallah ya shigo da diga da shebur. Ya zana da'ira a tsakar gida, ya fasa simintin, ya fara tono. Da ya gaji ya dogara da shebur ya ce, "Ke jar akuya, ki gaya musu su ci gaba da aikinsu. Ba laifin inji ba ne. Ni ne na ɗora abu a kan ƙasar da kowa ke takawa."

Na kwance kayana.

Aikin ya ci kusan shekara, don ba shi da abin yi a lokaci ɗaya. Ya daina cin goro. Yana gyara wa mutane famfo da janareto, maimakon lada ya ce a ba shi ragowar siminti ko guntun rodi. Yashi kuwa da baro ya dinga turo shi daga bakin kogin Challawa, kaɗan-kaɗan, yana hutawa a hanya. Ramin ya tona har ya kai ga jar ƙasa mai tauri, in ya shiga sai hularsa ake gani. Ya rufe shi da langa-langa, damina ta wuce a kai. Kaji sun faɗa ciki ba sau ɗaya ba.

Yaya ya zo gaisuwa daga Hotoro, inda yake tuƙin motar wani kamfani. Ya ɗaga langa-langar ya leƙa.

"Baba, kabari ake tonawa a tsakar gida?"

"In kabari ne ai da ka fara ji, tunda kai za ka sallami ma'aikata."

"To duk wannan wahala don hoton wata? Ga shi nan a waya kyauta, wanda Turawa suka ɗauka."

"Wancan watansu ne. Ni na Challawa nake so."

Da kaya suka haɗu ya kira wani magini, tsohon abokinsa, aka zuba kankaren. Abin da Baba ya fi nanatawa shi ne a bar tazara, faɗin tafin hannu, tsakanin ginshiƙin da simintin tsakar gida, a kewaye. A cika ta da yashi da guntayen tsohon bel na inji. Haka suke kafa manyan injuna a masaƙa, in ji shi. Yana da magana a kan haka, ya faɗe ta ta fi a ƙirga: abin da kake so ya tsaya, kar ka bari ya jingina da komai.

Ranar da za a ƙarasa Juma'a ce. Baba ya riga magini tafiya masallaci. Shi kuwa magini ya kalli tazarar nan ya ga aikinsa ya yi muni. Ya kwaɓa ragowar siminti ya shafe ta tas, ya haɗe ginshiƙi da daɓen gida, har da zanen fure a kai. Ina ɗaki ina gani. Ba hurumina ba ne in yi wa baƙon namiji magana.

Da suka dawo magini ya ce, "Na ƙara maka da kwalliya, ba sai ka biya ba."

Baba ya daɗe yana kallon furen. Ya ce, "Ka ɗaura masa aure da injin markaɗe ke nan."

"Wane irin aure kuma?"

"Shekara nawa kana gini, ba ka san abin da ake bari a buɗe ba?"

"Ni dai a sana'ata ba a barin rami."

"Shi ya sa duk gidan da ka gina, in maƙwabci ya yi tari sai a ji."

Suka yi ta yi har la'asar. Kafin siminti ya gama kamawa suka durƙusa su biyu suna ƙwaƙule shi, magini yana mita, Baba yana tsokanarsa. Injina ma Baba bai bar shi haka ba, ya ɗaga shi ya sa masa guntayen taya a ƙarƙashi.

Da kankare ya bushe sai ranar gwaji. Liman ya shigo ganin abin da ake ta faɗa a masallaci, magini ma yana nan. Baba ya cika kwanon sha da ruwa ya ɗora a kan ginshiƙin. Ya ce wa akuya a tayar da inji. Na tayar. Ana cikin haka wata tirela ta wuce, ƙyauren zaure ya yi ta kaɗawa. Baba ya sunkuya a kan kwanon, ya juya kai nan, ya juya can. Idon ba ya ba shi.

Sai na ji ya ce, "'Yar nan."

Na ɗauka da akuya yake.

"'Yar nan, zo ki duba min. Idona ba ya rabewa. Yana rawa?"

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa tsayawa kusa da shi haka ba. Na leƙa. Ga fuskata a cikin ruwan, ko gezau.

Na ce, "Ya tsaya, Baba."

Ya dafa ginshiƙin. Na ɗauka hamdala zai yi. Sai ya ce, "Malam, ku shaida. Daga ginshiƙin nan zuwa katangar gabas na ba marayun nan."

Liman ya ce, "Mun ji, Allah Ya ba da lada. Sai dai ka sani, kyautar gida ba ta tabbata mai kyauta yana zaune a ciki. Ɗakinka kuwa a gabas yake."

Baba ya ce, "To."

Da labari ya kai wa Yaya dariya ya yi, ya ce maganar tsufa ce. Baba bai ja da shi ba. Bayan ɗan lokaci kawai sai muka ga yana fitar da gadonsa daga babban ɗaki, yana kai shi ɗakin jikin zaure inda ake ajiye gawayi. Yaya ya tambaye shi dalili, ya ce yana so ya kusanci bututunsa. Mabuɗin babban ɗakin kuwa a wuyan akuya na same shi a rataye.

"Ki gaya musu ɗakin can ya yi min girma."

Haka muka zauna daga nan. Maganar bututu yana yi da ni kai tsaye. Duk wata magana mai nauyi sai ta bi ta wajen akuya.

Na zama idonsa. In magariba ta yi sai in bar babbar 'yata a kan inji in zo. Shi yake ɗaure bututun a kan farantin, yana laluben kusoshi da yatsu, ni nake leƙawa in ce a ƙara, a rage, ya fito. Ranar da na fara ganin wata a ciki na daɗe ina kallo. Duk jikinsa ramuka ne, manya da ƙanana, kamar bakin kogi bayan shanu sun sha ruwa.

Ya ce, "To? Me kika gani?"

Na ce, "Shi ma ya sha wuya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ba ya taɓa wayar in zai ɗauki hoto, don hannu ma girgiza ne. Igiyar abin sawa a kunne yake jonawa, ya ja da baya, ya ce a ɗauke numfashi, ya danna ɗan maɓallin da ke jikinta. Da haka ya samu hotonsa. Rabin wata ne, kowane rami da inuwarsa, bakinsa kamar an yanka da wuƙa. Ya kai aka wanke masa, ya sa a leda, yana yawo da shi a aljihun gaba. Duk wanda ya tsaya gaisawa da shi sai ya gani. Kuma ba watan yake nunawa ba. Cewa yake, "Ka ga wannan? Ana markaɗen wake aka ɗauke shi."

Akwai wani tauraro mai zobe da ya so ya ɗauka. In na leƙa bututun ina ganinsa sarai, ɗan mitsitsi da zobensa. A hoto kuwa kullum kamar ƙwayar shinkafa. Ya ce sai da wata na'ura mai juya bututu tana bin sama. Ya zana ta a ƙasa, ya fara tara ƙarafanta, bai kai ga haɗawa ba. Suna nan a cikin wani gwangwani. Bai taɓa kuka da haka ba. Ya ce wanda ya samu wata ya yi shiru.

Ɗakin zauren nan ba ɗaki ba ne. Yana yoyo. Da bazara kamar tanda. Warin majema nan yake fara sauka, ƙarar titi nan take kwana. A ciki ya ƙarasa shekarunsa. Na taɓa aikawa ta wajen akuya cewa babban ɗaki yana nan in ana so. Ya ce a gaya min akuya ba ta ji ba.

Ciwonsa bai daɗe ba. Ranar ƙarshe da na kai masa kunu ya ce, "'Yar nan, a riƙa share tazarar nan. In ƙasa ta cike ta, aikin ya lalace." Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni.

Bayan addu'ar arba'in aka zauna a tsakar gida: Yaya, Liman da Gwaggo. Ni ina bakin ƙofa. Yaya ba mugu ba ne. Yana da iyali da yawa, gidan haya yake, motar da yake ja ba tasa ba ce. Masu sito sun yi masa tayi mai kyau.

Ya ce, "Malam, ban ƙaryata ku ba. Baba ya faɗa. Amma ku da kanku kuka ce sai ya fita. Shi kuwa ba don kyauta ya fita ba. Da bakinsa ya gaya min don bututunsa ne."

Liman ya ce, "Fita dai ya fita, kuma su suka riƙe ɗakin har ya rasu."

"To sai alƙali ya duba."

Na san ba ni da ƙarfin zaryar kotu. In na je na bar inji, ranar ba a ci ba.

Gwaggo ta ajiye carbinta. Ta ce, "Kai, tashi."

"Gwaggo, magana muke."

"Na ce tashi. Je ka tsaya a ƙofar tsohon ɗakin ubanka."

Ya tashi yana jan ƙafa, ya tsaya.

"Miƙa hannu."

Ya miƙa. Saura kaɗan yatsunsa su taɓa farantin ginshiƙin.

"To wuce ɗakin zaure ka hango min shi."

Ya wuce. Daga ɗakin zaure ba a ganin ginshiƙin ko kaɗan, bangon madafa ya tare. Kullum sai Baba ya rungumo bututun nan ya kewayo da shi, da ƙarfinsa ya ƙare ni nake ɗaukowa.

Gwaggo ta ɗaga murya don ya ji. "Wanda yake son ya kusanci abu, haka yake yi?"

Yaya ya daɗe a cikin ɗakin nan. Ban san abin da ya kalla ba, ko hudojin kwano, ko tabon ruwa a bango, ko gwangwanin ƙarafa. Da ya fito idonsa ya kaɗa.

"Me ya hana ya gaya min gaskiya?"

"Ya gaya maka, ka yi dariya. Sai ya bar ka da dariyarka, don kar ku yi faɗa yana raye."

Yaya ya zauna. Ya cire hula ya shafa kai. Ya ce, "Tsohon nan." Can ya ce, "Malam, a bar maganar alƙali."

Masu sito ba sa son rabin gida, suka wuce gaba. Yaya ya gyara ɓangaren yamma ya zuba 'yan haya, masu aikin kamfani. Ranar da za a ja katanga, maginin nan ne dai aka kira. Na ga igiyarsa ta biyo ta jikin ginshiƙin. Wannan karon ban tsaya a ɗaki ba.

Na ce, "Kar ta taɓa shi."

Ya ce, "Na sani, 'yata, na sani. An taɓa yi min wannan karatun."

Ya bar faɗin tafin hannu.

Bututun gado ne, na Yaya ne. Ya ɗauka ya tafi da shi Hotoro. Ginshiƙin ya zauna ba komai a kansa har wata ya mutu wani ya tsaya. Ran nan da magariba ina markaɗe sai ga shi da bututun a kafaɗa.

Ya ce, "Na ɗora shi a kan tebur, na ɗora a kan mota, ba ya tsayawa. Ajiya na kawo, ba kyauta ba."

Na ce, "To, Yaya."

"Ba za ki ɗaura ba? Ni ban san kan kusoshin nan ba."

Na ɗaura. Na nemo watan, na gyara har ya fito, na ja gefe. Injin yana ta yi a bayanmu, mata suna jira da bokitai. Yaya ya sunkuya ya sa ido. Duk shekarun nan bai taɓa leƙawa ba.

Ya ce, "Wai ya tsaya ne, ko idona ne?"

"Ya tsaya."

Bai ɗago ba har aka kira isha'i.

Ban taɓa yi wa Baba godiya ba. Tsakanin suruki da matar ɗa babu ƙofar da irin wannan magana za ta bi. Sau ɗaya dai, ranar da na ciro mabuɗin nan daga wuyanta, na durƙusa na gaya wa akuya. Ban sani ba ko ta isar.

Allah Ya jiƙan Baba. Ya sa hasken da ya yi ta nema da ido mai yana ya same shi a kabari. Ya kwantar da shi inda babu abin da ke girgiza shi.

Tazarar kuwa kullum da safe ina sharewa.